Kuskuren "Ba a Sami Sashe Ba": Shigar da Laburare Cikin Manhajar Tebur Mai Sassa

1. Gabatarwa



Batun da za mu duba yau wata matsala ce da ke addabar masu rubuta manhajar kwamfuta, musamman sababbin shiga. Mutum zai rubuta manhajarsa tana aiki sumul, sa'an nan ya ɗauko wani kayan aiki da wasu suka riga suka rubuta ya haɗa da nasa, sai kwamfuta ta tsaya cik, ta ce ba ta sami sashe kaza ba. Shi kuwa ga fayil ɗin nan yana kallonsa ƙuru-ƙuru a kan allo. A nan ne ɗalibi kan ɓata kwana biyu ko uku, wani ma ya watsar da aikin baki ɗaya, wani kuma ya kwafo maganin da bai san yadda yake aiki ba, ya rufe ciwon, ciwon ya sake fashewa ranar da aka kai manhajar ofishin da za a yi amfani da ita.

Wataƙila wani zai ce, me ya haɗa malamin Hausa da wannan? Dalilai biyu ne. Na farko, harshe ba ya ƙarfi sai an ɗora masa kaya, kuma ɗalibanmu da ke koyon wannan sana'a sun cancanci su ji bayaninta da harshen da suke tunani da shi. Na biyu, kamar yadda za mu gani, rabin matsalar ta suna ce da kiran suna, wannan kuwa fage ne da mai nazarin harshe ya saba da shi.

Abin da nake so mu tashi da shi daga wannan zaure shi ne: idan kwamfuta ta ce ba ta sami sashe ba, da wuya a tarar fayil ne ya ɓata. Tambayoyi uku ne ake bi a jere. A ina aka ajiye shi? Da wane suna aka kira shi? Wa aka ba izinin shiga cikinsa? Zan ɗauki misalaina daga harshen Java.

2. Daidaita kalmomi

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu amince a kan kalmomin da za mu yi aiki da su. Manhajar tebur ita ce wadda ake girkawa a cikin kwamfuta ta yi aiki a nan, da tagoginta da maɓallanta, ba tare da an shiga intanet ba. Laburare kuwa, a bakin masu wannan sana'a, tarin umarni ne da wani ya rubuta domin wani aiki, ya bar shi kowa ya ara. A Java, ƙaramin yanki na umarni shi za mu kira aji. Azuzuwa masu dangantaka ana tara su cikin ƙunshi. Ƙunshe-ƙunshe kuma ana zuba su cikin fayil guda da ake kira jar, wanda shi ne sifar da laburare ke zuwa da ita. Manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa abin da inji ke ganewa za mu kira ta tafinta.

Saura babbar kalmar, watau sashe. Na zaɓe ta ne saboda babban gidan Bahaushe. Gida ɗaya ne, amma kowane sashe da mai shi, da ƙofarsa, da abin da ya yarda a gani, da abin da ya killace. Sashe a manhaja ma haka yake: tarin ƙunshe-ƙunshe ne mai suna, wanda ya faɗi abin da yake bukata daga maƙwabtansa, ya kuma faɗi abin da ya yarda su taɓa.

3. Asalin tsarin sassa

Tunanin raba manhaja zuwa sassa ya girmi Java nesa ba kusa ba. A shekarar 1972 wani masani mai suna David Parnas ya buga maƙala a kan ma'aunin da ya kamata a bi wajen wannan rabo. Ra'ayinsa shi ne kowane sashe ya ɓoye sirrin yadda yake aiki, ya nuna wa sauran fuska kaɗai, domin in an sake cikinsa gobe kada gidan duka ya rushe.

Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fito da Java a 1995, amma har shekara ashirin da biyu bayan haka harshen bai da sassa na gaskiya. Abin da ake da shi shi ne hanyar azuzuwa, watau jerin wuraren da inji zai bi yana neman aji duk lokacin da bukatarsa ta taso. Wannan hanya tana da aibi biyu. Idan an manta wani laburare, ba mai sani sai ranar da mai amfani ya danna maɓallin da ke bukatarsa, manhaja ta faɗi a hannunsa. Idan kuma laburare biyu suna da aji mai suna ɗaya, wanda aka fara cin karo da shi shi ake ɗauka, ko da tsoho ne. Bugu da ƙari, kayan Java na asali duk a dunƙule suke cikin fayil guda mai suna rt.jar, wanda a zamanin Java 8 ya kai wajen megabait 60, kuma dole a ɗauke shi duka ko da kaɗan ake bukata.

A 2008 aka fara aikin gyara wannan, aikin da aka laƙaba wa suna Jigsaw, ƙarƙashin jagorancin Mark Reinhold. Kamfanin Oracle ya sayi Sun a 2010 ya gaji aikin. An yi ta ɗage shi, har ma a watan Mayu na 2017 kwamitin da ke amincewa da ƙa'idojin Java ya ƙi shi a ƙuri'ar farko, IBM da Red Hat na cikin waɗanda suka ƙi. Bayan gyare-gyare aka amince, tsarin ya fito tare da Java 9 a watan Satumba na 2017.

Shekara guda bayan haka, a Satumbar 2018, Java 11 ta zo da canje-canje biyu da suka shafe mu. An cire JavaFX, watau kayan zana tagogi da maɓallai, daga cikin Java, ya koma laburare mai zaman kansa da ake kira OpenJFX. An kuma cire wasu tsofaffin sassa, irin su java.xml.bind da java.corba. Ke nan littafin koyarwa da aka rubuta kafin 2018 yana iya umartar ɗalibi ya kira sashen da yanzu babu shi a cikin Java sam, sai an ɗauko shi daga waje.

4. Takardar shaidar sashe

Kowane sashe yana da ɗan fayil mai suna module-info.java, wanda za mu kira takardar shaida. A ɗauka muna rubuta manhajar ƙamus na Hausa. Muna so ta nuna tagogi da JavaFX, ta kuma karanta kalmomi daga fayil da taimakon wani laburare na kamfanin Google mai suna Gson. Takardar shaidarta za ta yi kama da haka:

module kamus {
    requires javafx.controls;
    requires javafx.fxml;
    requires com.google.gson;
    exports kamus to javafx.graphics;
    opens kamus.allo to javafx.fxml;
    opens kamus.kalmomi to com.google.gson;
}

Kalmomi uku ne ke riƙe da wannan takarda. Kalmar requires tana nufin "ina bukatar sashe kaza". Kalmar exports tana nufin "na yarda a yi amfani da ƙunshi kaza nawa". Kalmar opens tana nufin "na yarda a leƙa har cikin ƙuryar ƙunshi kaza yayin da manhaja ke gudana". Akwai sashe ɗaya da ba sai an ambace shi ba, shi ne java.base, domin kowa a kansa yake tsaye.

Da zarar an tayar da manhaja, kafin ta aiwatar da umarni ko ɗaya, inji zai karanta wannan takarda, ya nemo kowane sashe da aka ambata, ya karanta tasu takardun, ya nemo waɗanda su ma suka ambata, har ya kai ƙarshen sarƙar. In ya rasa ko guda, sai ya tsaya nan take. Saboda haka kuskuren da muke kuka da shi alheri ne a ɓoye: abin da a da zai fashe a hannun mai amfani, yanzu a hannun magini yake fashewa, tun da sauran lokacin gyara.

5. Tambaya ta farko: a ina aka ajiye shi?

Ga saƙon da tafinta kan bayar:

error: module not found: com.google.gson

Ga kuma wanda inji kan bayar lokacin tayarwa:

java.lang.module.FindException: Module javafx.controls not found

Ma'anar duka biyun ita ce an nemi sashe ba a same shi ba. To, a ina aka nema? Tun daga Java 9 hanyoyi biyu ne ke akwai: tsohuwar hanyar azuzuwa tana nan, ga kuma sabuwa, hanyar sassa. Duk jar ɗin da aka ɗora a hanyar azuzuwa, ko da yana ɗauke da takardar shaida, ba a karanta ta. Ana zuba shi ne tare da sauran cikin wani taro da ake kira sashe marar suna. Dokar kuwa ita ce, sashe mai suna ba ya iya cewa yana bukatar marar suna, domin babu sunan da zai rubuta. Wannan shi ne dalilin da ya sa ɗalibi ke ganin fayil a gabansa, inji kuma ya ce bai gani ba. Fayil ɗin yana gidan, amma a tsakar gida aka yar da shi, inji kuwa ƙofofin sassa yake ƙwanƙwasawa.

Maganin shi ne a mayar da shi hanyar sassa. Mai aiki da layin umarni zai rubuta --module-path ya bi shi da adireshin jakar da fayilolin jar suke. A nan akwai tarko guda: inji ba ya kutsawa cikin jakar da ke cikin jaka. Wanda ya sauko da kayan JavaFX, alal misali, dole ya nuna jakar lib da ke ciki, in ya nuna babbar jakar waje ba za a ga kome ba. Haka kuma in aka tara tsohon bugu da sabon bugu na sashe ɗaya a jaka guda, inji zai ƙi duka biyun, ya ce ya ga bugu biyu.

Masu aiki da manhajar Eclipse za su tarar a wurin da ake ƙara laburare akwai rassa biyu, Modulepath da Classpath. Sau da yawa gyaran bai wuce a ja fayil daga reshe na biyu zuwa na farko ba. Masu aiki da Maven ko Gradle, watau manhajojin da ke sauko da laburare su kuma shirya gini, su ma su san halin kayan aikinsu. Maven yana duba takardar shaida ya ɗora abin da aka ambata a hanyar sassa. Gradle ya fara fahimtar sassa ne daga bugu na 6.4 a 2020, kuma yana da tsauri: jar ɗin da bai da takardar shaida bai kuma faɗi sunansa ba, a hanyar azuzuwa yake barinsa. Don haka aikin da ya ginu lafiya da Maven yana iya ƙin ginuwa da Gradle alhali ba a taɓa ko harafi ɗaya ba.

Akwai wani saƙo da ya shahara ƙwarai a wurin masu JavaFX, wanda ke cewa kayan gudanar da JavaFX sun ɓace:

Error: JavaFX runtime components are missing

Shi ma ɗan gidan nan ne. Mai tayar da manhaja ya lura cewa babban ajin na JavaFX ne, ya nemi sashen javafx.graphics a cikin sassan da aka loda, bai gani ba. Ana gyara shi da nuna hanyar sassa, in kuma manhajar ba ta da takardar shaida sai a ƙara --add-modules javafx.controls,javafx.fxml. A kuma tuna cewa JavaFX yana da fayiloli dabam-dabam na Windows da macOS da Linux. Fayil ɗin da Maven ke saukowa da shi wanda ba ya ɗauke da alamar ɗaya daga cikinsu fanko ne, sunansa ma javafx.controlsEmpty. Wanda ya kwafe shi kaɗai zuwa wata kwamfuta ya ɗauki ƙwarya ya bar fura.

6. Tambaya ta biyu: da wane suna aka kira shi?

Hausawa sun ce suna linzami ne. Idan hanya ta yi daidai amma kuskure bai kau ba, to a duba suna. Laburare guda yana iya samun suna har huɗu: sunan da jama'a suka san shi da shi, sunan fayil ɗinsa, sunan ƙunshe-ƙunshensa, da sunan sashensa. Na ƙarshen kaɗai ake rubutawa bayan requires, kuma ba dole ne ya yi kama da sauran ba. Laburaren da ke haɗa Java da rumbun bayanai na SQLite, fayil ɗinsa sqlite-jdbc ne, amma sashensa org.xerial.sqlitejdbc. Na Apache da ake kira commons-lang3, sashensa org.apache.commons.lang3 ne.

Daga ina sunan ke fitowa? Wuri uku ne, a jere. Idan jar yana da takardar shaida, sunan da ke cikinta shi ne suna. Idan babu, inji zai mai da shi abin da ake kira sashe na kai tsaye, ya duba wani ɗan fayil a cikinsa mai suna MANIFEST.MF ko an rubuta layin Automatic-Module-Name. Idan wannan ma babu, sai ya ƙirƙiro suna daga sunan fayil.

Ƙa'idar ƙirƙirar za ta burge masu nazarin ginin kalma, domin yanke da musanya ce tsantsa. Ana cire .jar daga ƙarshe. Ana yanke lambar bugu, watau daga karan ɗori na farko da lamba ta biyo bayansa. Duk abin da ba harafi ba ne ba kuma lamba ba, ana mai da shi ɗigo. Ta haka gson-2.8.5.jar ya zama gson kawai. To amma daga bugu na 2.8.6, a 2019, masu Gson sun saka masa takardar shaida da suna com.google.gson. Wanda ya rubuta requires gson a 2018 ya yi daidai a lokacinsa, ranar da ya sabunta laburaren kuwa sai inji ya ce bai san wannan suna ba. Wannan ne ya sa Maven ke gargaɗi da babbar murya kada a wallafa aikin da ya dogara da sunan da aka ciro daga fayil, domin suna ne na aro, mai shi bai raɗa ba.

Wani lokaci ma ƙirƙirar kan haifar da sunan da doka ta hana. Java tana da keɓaɓɓun kalmomi, irin su native da class, waɗanda ba sa zama gaɓar suna. Fayil ɗin da ɗayansu ya faɗo tsakiyar sunansa, in bai faɗi wani suna a ciki ba, ba zai loda a hanyar sassa ba sam.

Irin wannan sauyin suna ya sami java.xml.bind da muka ambata ɗazu. Bayan an cire shi daga Java, kulawarsa ta koma hannun gidauniyar Eclipse, kuma daga 2020 sababbin bugunsa jakarta.xml.bind ake kiransu, har ƙunshe-ƙunshen ciki sun bar javax sun koma jakarta.

Matambayi ba ya ɓata. Maimakon zato, a tambayi fayil ɗin da kansa:

jar --describe-module --file=gson-2.8.5.jar

Zai faɗi sunan sashe, ya faɗi ko na kai tsaye ne, ya jera abin da yake bukata. Umarnin java --list-modules kuma yana jera sassan da ke cikin Javar da aka girka, ta haka mutum zai san ko abin da yake nema na gida ne ko na waje. Minti ɗaya na wannan tambaya ya fi yini guda na gwaji.

7. Tambaya ta uku: wa aka ba izini?

A ce an sami sashe, sunansa kuma daidai ne. Sauran izini, shi kuwa fuska biyu gare shi.

Fuska ta farko, mu ne ke son shiga wurin laburare. Idan tafinta ya ce ƙunshi kaza ba ya ganuwa, yakan ƙara bayani a ƙasa, kuma wannan ƙarin shi ya kamata a karanta da kyau. Ko dai ya ce sashenmu ba ya karanta wancan sashe, ma'ana mun manta layin requires, gyara mai sauƙi. Ko kuwa ya ce wancan sashe bai fitar da ƙunshin ba, ma'ana mai laburaren ne ya killace shi da gangan, kamar yadda Parnas ya ba da shawara. A nan daidai shi ne a nemi ƙofar da ya buɗe. Mai manhajar da ke amfani da rumbun bayanai ya tuna da requires java.sql, mai amfani da tsofaffin tagogin Swing kuma ya tuna da java.desktop, domin kasancewarsu cikin Java bai sa an loda su kyauta ba.

Fuska ta biyu ita ta fi ruɗa ɗalibai, domin a nan laburare ne ke son shigowa wurinmu. Gson ba zai iya zuba kalmomi cikin azuzuwanmu ba sai ya leƙa cikinsu ya ga gurabensu. JavaFX ma ba zai haɗa maɓalli da aikinsa ba sai ya leƙa ajin da ke kula da allo. Tafinta ba ya ganin wannan bukata, saboda haka gini zai kammala lafiya, sai an tayar da manhaja a ga InaccessibleObjectException ko IllegalAccessException. Saƙon yakan faɗi ƙarara wane ƙunshi ne ba a buɗe ba, kuma ga wa. Wannan shi ne amfanin layukan opens guda biyu a takardar ƙamus ɗinmu. Akwai ma inda ba a faɗuwa: jadawalin JavaFX da ke ciro bayanai ta hanyar leƙe, in ba a buɗe wa javafx.base ƙunshin ba, sai ya fito da layuka fanko, gargaɗin kuma yana can a inda mai amfani ba ya dubawa.

A lura cewa daga Java 9 zuwa 15 an yi sassauci ga tsofaffin laburaren da ke leƙa cikin Java kanta, gargaɗi kawai ake yi musu. Java 16 ta rufe ƙofar, Java 17 kuma ta cire mabuɗin gaba ɗaya, duka a 2021. Tsohon laburare da ya daina aiki bayan an sabunta Java, sau da yawa wannan ne sanadi, maganinsa kuwa sabon bugu.

8. Ƙunshi ɗaya a sassa biyu

Akwai wani kuskure da ke biyo bayan ƙara laburare, wanda kishiyar rashi ne, watau abu ya yi yawa. Doka ta hana sassa biyu da aka loda su mallaki ƙunshi mai suna ɗaya. Sanannen misali shi ne tsohon laburaren xml-apis, wanda ke ɗauke da ƙunshin org.w3c.dom, alhali sashen java.xml na Java yana da shi. Yawanci ba mu muka gayyato shi ba, wani laburare ne ya jawo shi a bayansa. Sai a sa Maven ko Gradle ya zana bishiyar dogaro, a ga wanda ya kawo baƙon, a rubuta umarnin ware shi.

9. Ranar raba manhaja

Ba a fafe gora ranar tafiya. Babban amfanin sassa ga manhajar tebur shi ne wani kayan aiki mai suna jlink, wanda ke tattara sassan da ake bukata kaɗai ya gina ƙaramar Java ta musamman, sa'an nan jpackage, wanda ya tabbata a Java 16, ya naɗe ta cikin fayil ɗin girkawa. Ga wanda zai aika manhaja inda intanet ke da tsada ko rauni, wannan ragin nauyi ba ƙaramin abu ba ne.

Amma jlink ba ya karɓar sashe na kai tsaye, domin irin wannan sashe bai faɗi abin da yake bukata ba. Mafita uku ce: a nemi sabon bugu mai takardar shaida, ko a sa jdeps ya tsara masa takarda a manna masa da kayan aiki irin su ModiTect, ko kuwa a gina ƙaramar Javar da sassan Java kaɗai a bar laburaren a hanyar azuzuwa, abin da jpackage ya yarda da shi.

Har wa yau akwai sashen da rashinsa ba ya yin kuka, kuma ya shafe mu kai tsaye. Tun daga Java 9, sunayen watanni da ranaku da tsarin rubuta lambobi na harsunan duniya ana ɗauko su ne daga taskar CLDR ta ƙungiyar Unicode, Hausa kuma tana ciki, har da ta Nijeriya da Nijar da Gana. Sai dai java.base Ingilishin Amurka kaɗai yake ɗauke da shi, sauran suna cikin sashen jdk.localedata. Ba mai rubuta requires dominsa, saboda haka jlink ba ya ɗaukarsa sai an ce masa. Sakamakon haka, ƙamus ɗinmu da ke nuna Litinin da Janairu a kwamfutar magini zai koma nuna su da Ingilishi a kwamfutar mai saye, ba tare da saƙon kuskure ko ɗaya ba. Gyaran shi ne a ƙara jdk.localedata cikin --add-modules, a kuma yi amfani da --include-locales a zaɓi harsunan da ake so domin kada nauyi ya dawo. Lalle ne a gwada manhajar da aka naɗe a kan kwamfutar da ba a taɓa girka Java a cikinta ba kafin a miƙa ta.

10. Magungunan da ke rufe ciwo

Shawarar da ɗalibi ya fi ji ita ce ya share module-info.java ya huta. Gaskiya ne kuskuren zai ɓace, domin kome ya koma sashe marar suna. Ga ƙaramin aikin aji, ko manhajar da yawancin laburarenta tsofaffi ne, wannan zaɓi ne mai hujja, Java kuma ba ta hana ba. Abin da nake ja a kai shi ne a yi shi cikin rashin sani. Wanda ya share takardar ya san ya sayar da binciken farko da inji ke yi masa, ya koma zamanin da manhaja ke faɗuwa a hannun mai amfani.

Haka nan rubuta open module a saman takarda, wanda ke buɗe kowane ƙunshi ga kowa, ko jera --add-opens barkatai har kuskure ya yi shiru. Suna aiki, amma kamar cire ƙofofin gida ne don mabuɗi ɗaya ya ɓata. Buɗe ƙunshi guda ga sashe guda, kamar yadda muka yi a misalinmu, layi ɗaya ne, kuma wanda zai gaji aikin bayan shekara biyar zai karanta ya san dalili.

Tambayoyin nan uku ba su tsaya ga tsarin Java 9 ba. Eclipse kanta tun 2004 a kan wani tsarin sassa mai suna OSGi take, NetBeans ma tana da nata, inda ake naɗe jar na waje cikin sashen rufi kafin sauran sassa su gan shi. Kalmomin sun bambanta, amma wurin ajiya da suna da izini su ne dai ake tambaya.

11. Kammalawa

Jama'a masu sauraro, ga tsarin a taƙaice. A karanta saƙon kuskure har ƙarshe, a lura ko tafinta ne ya yi magana ko lokacin tayarwa ne. A tabbata jar yana hanyar sassa. A tambaye shi sunansa da jar --describe-module, a rubuta shi harafi da harafi. A duba requires idan mu ne masu shiga, a duba opens idan laburare ne mai shigowa. A ware ƙunshin da ya zo sau biyu. A gwada abin da aka naɗe a kan baƙuwar kwamfuta, a duba har sunayen watanni.

Ina kira ga malaman kimiyyar kwamfuta da su koya wa ɗalibai karatun saƙon kuskure kamar yadda muke koya musu karatun nassi, jimla bayan jimla, su kuma duba shekarar littattafan da suke ba su. Ga 'yan'uwana na fannin harshe kuwa, kalmomin da na kawo yau, sashe da ƙunshi da tafinta da takardar shaida, shawara ce na gabatar, in an sami waɗanda suka fi su dacewa sai a musanya, muddin masu sana'ar za su karɓa su yi aiki da su.